Wa Ke Kai Ruwa Kan Dutse? Tunani a Kan Gidan Halwa da Mai Riƙonsa

Gabatarwa

Mu mazauna Laranto ba mu da ƙarancin hayaniya. Tun da sanyin safiya injinan kasuwar Katako ke fara kuka, manyan motoci na sauke itace, 'yan dako na kiran juna, masu ciniki na rantse-rantse. Amma a cikin wannan unguwa kuma akwai katangar makarantar Saint Augustine, inda ake horar da limaman Katolika, waɗanda aka yanka wa lokacin yin shiru kamar yadda aka yanka musu lokacin cin abinci. In kuma goman ƙarshe na watan azumi suka kama, sai mu ga 'yan'uwanmu sun naɗe tabarma da bargo sun nufi masallacin Juma'a don i'itikafi. Duk wanda ya gaji da jarrabawa, ko bashi, ko rigimar gida, idan ya ɗaga kai ya hangi duwatsun da suka kewaye Jos, da wuya zuciyarsa ba ta raya masa cewa da ma ya haye can ya yi kwana bakwai ba ya jin muryar kowa ba.

Masu wa'azi da marubuta sun daɗe suna yabon wanda ya bar jama'a ya keɓe da Ubangijinsa. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ke riƙe da gidan da ake keɓewar a ciki. Shi ne abin nazarinmu a wannan maƙala. Mu ƙaddara yau an damƙa mana makullin irin wannan gida a kan tudun Filato, aka ce mu tafiyar da shi. Wane hakki ya hau wuyanmu, kuma da wane ma'auni za a auna ko mun sauke shi?

Dutse da halwa

Alaƙar dutse da neman Allah tsohuwa ce. Annabi Musa (AS) ya yi dare arba'in a Dutsen Sina'i. Linjila ta nuna Annabi Isa (AS) yakan janye daga taro ya hau dutse shi kaɗai don addu'a. Annabi Muhammadu (SAW) kuwa a kogon Hira, bisa dutsen da ke wajen Makka, yake keɓewa kafin saukar wahayi. Daga baya Sufaye suka tsara halwa har ta kwana arba'in, Kiristoci kuma suka gina gidajen zuhudu a wurare masu wuyar hawa, irin na Dutsen Kasino a Italiya, wanda Benedict ya kafa wajajen shekarar 529.

Ba sai mun je nesa ba. A Miango, ƙasar Irigwe, cikin Ƙaramar Hukumar Bassa, akwai gidan hutu da 'yan mishan na SIM suka gina a 1914. Dalilin gina shi a fili yake ga wanda ya san tarihinsu. Cikin samari uku da suka fara zuwa a 1893, biyu, watau Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Zazzaɓi da zafin ƙasa suna cinye ma'aikatansu, ga kuma tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, mai iska da sanyi. Sai suka mai da Miango wurin da gajiyayye zai zo ya huta, ya yi addu'a, ya sake ɗaura ɗamara. Daga baya aka gina makarantar 'ya'yansu kusa da gidan aka sa mata sunan Kent, kuma akwai maƙabarta a nan wadda ta ɗauki manya da ƙananan yara. Da tafiya ta yi nisa gidan ya zama wurin taron keɓewa na majami'u da ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Gida ne da ya haura shekara ɗari, don haka duk tambayar da za mu yi a nan, an riga an yi ta a aikace a bayan ƙofarmu.

Hakkin mai ɗaukar tulu

Abu na farko da mai makulli zai gane shi ne, shirun baƙo aikin wani ne. Kafin mutum guda ya zauna a ɗaki ya rufe ido, sai wata ta tashi da asuba ta hura wuta ta dama gwaten acca, wani ya wanke zanen gado a ruwan hunturun Jos, wani ya sauka kasuwa ya sayo dankali da kabeji, wani ya kwana a tsaye yana gadi. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwa bai taɓa hawa dutse da kansa ba.

Magabata ba su ɓoye wannan ba. Hadisin farkon wahayi ya bayyana cewa Manzon Allah (SAW) yakan tafi Hira da guzuri, in ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija ya sake yin wani. Ashe halwar da ta fi kowace albarka a tarihin Musulunci da hannun mace a cikinta. Malaman Malikiyya sun karhanta mutum ya shiga i'itikafi bai tanadi abin da zai wadace shi da wanda zai kawo masa ba. Dokar da Benedict ya rubuta wa almajiransa ta ware babi guda don ma'ajin gida, ta hore shi da ya riƙe tukunya da fartanya da irin girmamawar da ake yi wa kayan ibada. Imam Gazali ma, da zai bar kujerarsa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095, bai fita ba sai da ya bar wa iyalinsa abin da za su ci.

Akwai wani darasi mai ɗaci a tarihin tudun nan namu. Sanyin da ya warkar da Bature a Miango da Jos, shi ne kuma ya kwantar da talakawa masu yawa a ramukan kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗebo mutane a kan tilas daga lardunan Arewa don haƙar kuza, abin da aka kira ɗiban gwamna. An kawo su daga ƙasashen zafi ba tufa mai kauri, ba wadataccen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Ba muna ɗora wa gidan Miango wannan alhaki ba ne. Abin da muke nunawa shi ne iska ɗaya tana iya zama magani ga mai bargo, ta zama ajali ga marar shi, kuma mai gidan halwa da bai san bambancin nan ba bai fara aikinsa ba.

Bisa ga haka, ma'aunin farko ba a ɗakin addu'a yake ba, yana madafa. Shin an biya kuku albashinsa a kan kari? Mai wanki tana da ranar da ita ma za ta zauna ta yi shiru? Linjila ta ba da labarin 'yan'uwa biyu, Marta da Maryamu, ɗaya tana ɗawainiyar baƙo ɗaya tana zaune tana sauraro, aka kuma yaba wa mai sauraron. To, amma idan gida ya tsara cewa mutum ɗaya ne zai zama Marta har abada saboda talaucinsa, wani kuma Maryamu har abada saboda aljihunsa, wannan tsari namu ne, kada mu jingina shi ga Allah.

Ko ana sayar da shiru?

Daga nan sai maganar kuɗi, wadda masu harkar addini kan ji nauyin ambata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwanon rufi zai tsufa, rijiyar burtsatse za ta lalace, janareta ba ya shan addu'a sai man dizal. Idan mai gida ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko gidan ya rushe, ko ya jingina da wani attajiri ko ɗan siyasa, wanda kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kuma ya sa farashin da zai biya dukan ɗawainiya, to, wanda ya fi bukatar hutun, irin ɗan dakon Katako da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, shi ne ba zai taɓa ganin cikin gidan ba.

Wasu za su ce karɓar kuɗi a kan irin wannan aiki ciniki ne da addini, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Mun ga yadda ake tallar dutsen addu'a kamar ana tallar sabulu, ana yi wa mutane alkawarin aure da haihuwa da ƙarin girma idan sun hau. Sai dai a ganinmu akwai iyaka, kuma ba ta da wuyar ganewa. Gado da abinci da wuta suna da farashi, halal ne a faɗe shi a fili, a rubuta, a ba da rasit. Natsuwa da karɓar addu'a kuwa ba mallakar mai gida ba ne, wanda ya sayar da su ya sayar da abin da ba nasa ba. Yana iya cewa ga ɗaki, ga shiru, ga lokaci. Ba ya iya cewa ga Allah.

Amma wannan bai warware matsalar talaka ba. Maganinta, in akwai, tsoho ne. Musulmi suna da wakafi, majami'u suna da baiko, kuma kowane gidan malam a ƙasar Hausa ya san zauren da baƙo ke kwana ba a tambaye shi ko sisi. Gidan halwa na gaskiya zai karɓa daga mai hali fiye da abin da ya ci, ya ajiye wasu ɗakuna don marar hali, sa'an nan ya ɓoye wa kowa wane ne ya biya wane ne bai biya ba. Wannan ɓoyewar ita ce muhimmiya, domin sadakar da ta sa mutum ya ci abinci kansa a sunkuye ta karɓi fiye da abin da ta bayar. Mun yarda lissafin nan ba kullum yake fita ba, akwai shekarar da za a wayi gari asusu ya bushe. Duk da haka gara gida ya yi fama da giɓin kuɗi da a ce ya cika da masu kuɗi kaɗai.

Ƙofa da katanga

Tambaya ta uku ita ce ta fi ci mana rai, mu mutanen Jos. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, har yaro kan girma ya san titin da ba a tsallakawa kafin ya san dalili. Ƙauyukan Irigwe da ke kewayen Miango sun sha hare-hare, musamman daga 2017, an binne mutane, an ƙone gidaje da amfanin gona. A watan Agustan 2021 kuma aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe da dama, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi. Kowane ɓangare yana da kaburburan da zai nuna. A irin wannan ƙasa, mai gidan halwa ba zai iya yin kamar ba ya jin kukan da ke tasowa daga gindin dutsensa ba.

Hakkinsa na farko dai tsaron ran wanda ya amince ya kwana a ƙarƙashin rufinsa ne. Wanda ya ce katanga da mai gadi rashin tawakkali ne, bai taɓa ɗaukar nauyin ran wani ba. To, amma katangar da ta kare baƙo ita ce kuma ke iya mai da gidan tsibiri, inda ake rera waƙoƙin salama alhali maƙwabta na kwana a azuzuwan makaranta. Mu a ganinmu ranar da gudun hijira ya iso bakin ƙofa, ranar ce halwa ta ƙare, ɗakin addu'a ya zama ɗakin kwana. Wanda ya hana mai gudun ceton rai shiga don kada a katse wa baƙinsa tunani, ya tsare shiru ya zubar da abin da ake shirun dominsa.

Saura kuma wanda ba addininmu ɗaya ba. Babu mai tilasta wa gidan Kirista ya zama masallaci, ko zawiyar Musulmi ta zama majami'a, kowane gida da alƙiblarsa, kuma cakuɗa ibada don neman yabo ba ya amfanin kowa. Amma baƙunci ya fi ibada faɗin ƙofa. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, bai ce sai ka tambayi sunansa tukuna ba. A gindin Dutsen Sina'i akwai gidan zuhudun Kiristoci na Saint Catherine, wanda aka gina tun ƙarni na 6, a cikin harabarsa kuma akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa, kuma Larabawan ƙauye Musulmi na ƙabilar Jabaliyya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna aiki tare da mazaunansa. Idan wannan ya yiwu a can, ba mu ga abin da zai hana gida a kan tudun Filato ya ba kowane gajiyayye ruwa da wurin zama, ya nuna masa gabas in ya tambaya ba.

Barbushe a cikin zuciya

Akwai haɗari na huɗu wanda ba daga waje yake zuwa ba. Mai zuwa halwa yakan zo a raunane: an yi masa rasuwa, ko aurensa na tangal-tangal, ko imaninsa ya girgiza. Ya bar wayarsa, ya bar danginsa, ya miƙa lokacin barcinsa da na cin abincinsa ga wani. A irin wannan hali kalma ɗaya daga bakin mai gida tana da nauyin da ba ta da shi a kasuwa. Tarihin Kano ya ba mu labarin Barbushe na Dutsen Dala, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, su kuma ba su da ta cewa. Kowane mai riƙe da makullin gidan halwa yana da ɗan Barbushe kwance a zuciyarsa, yana jiran ranar da za a ce ba a isa ga Allah sai ta wurinsa.

Alamominsa sanannu ne. Mai gida ya fara jin haushi idan baƙo ya ce zai tafi. Ya fara raba mutum da iyayensa da sunan tsarkaka. Sirrin da aka faɗa masa da hawaye ya zama misali a wa'azinsa na gobe. Asusun gida ya zama ba mai duba shi sai shi. Maganin wannan ba kyakkyawar niyya ba ce kawai, domin kusan duk wanda ya ɓata da kyakkyawar niyya ya fara. Sai an ɗaure shi da ƙa'ida: a sami dattawan da za su binciki littafin kuɗi, a sami mace mai kula da baƙi mata, kada ƙofa ta kullu daga waje, kuma wanda ciwonsa na asibiti ne a kai shi asibiti, kada a ce masa ya ƙara azumi. Daɗin daɗawa, mai gidan shi ma ya zama yana da wanda zai iya ce masa ka yi kuskure, ya kuma riƙa ajiye makulli lokaci lokaci ya tafi inda ba a san shi ba, ya zauna a layin baya.

Saukowa

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Idan muka duba waɗanda muka ambata a farko, za mu ga babu wanda ya tabbata a kan dutse. Annabi Musa (AS) ya sauko ya tarar da mutanensa suna bautar ɗan maraƙi, ya shiga gyara. Manzon Allah (SAW) ya sauko daga Hira ya shiga shekaru 23 na kira, cikin kasuwa da fagen fama da ɗakin iyali, halwar da ya bar wa al'ummarsa kuwa ta kwanaki ce ƙidayayyu, a masallaci, a tsakiyar gari. Gazali ya koma koyarwa a Naisabur a 1106, kuma a cikin Ihya'u ya jera amfanin keɓewa, sa'an nan ya jera abin da mai keɓewa ke rasawa, kamar koyo da koyarwa, da horon rai ta hanyar haƙuri da mutane, da tawali'u.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Shehu Abdullahi na Gwandu. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu abokan tafiya, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga bisani ya koma wurin jama'arsa. Gudun da ya yi daga mutane shi ya haifi littafin da ya fi amfanar masu mulkin mutane. Da ya sami wanda ya riƙe shi a wani kogo yana yaba masa tsoron Allah, da an yi hasara.

Ke nan gidan halwa bai kamata ya auna nasararsa da yawan masu dawowa ko masu ƙin tafiya ba. Sakamakonsa yana can ƙasa, inda mai gidan ba zai gani ba: ko malamin da ya sauko ya daina sayar da maki, ko ɗan kasuwa ya daina haɗa ruɓaɓɓen katako da mai kyau, ko maƙwabci ya sake gai da maƙwabcin da ya daina gaisarwa tun 2008.

Kammalawa

Mun fara da tambayar wa ke kai ruwa kan dutse, mun kuma ga cewa mai ɗaukar tulun yana da hakki, talakan da ba ya iya biya yana da hakki, maƙwabcin da ke gindin dutse yana da hakki, baƙon da ya miƙa sirrinsa yana da hakki, garin da zai koma ma yana da nasa. Waɗannan hakkoki sukan yi karo da juna, kuma ba mu da ƙa'idar da za ta raba su a kowane hali. Wanda ya karɓi makullin ya sani shi ne zai fi kowa ƙarancin shiru a gidan, zai kwana lissafin buhun shinkafa yayin da wasu ke lissafin zunubansu, kuma idan ya yi aikinsa da kyau baƙi za su tafi suna yabon iska da duwatsu su manta da sunansa. In ya yarda da wannan, muna ganin ladarsa ba za ta gaza ta mai halwar ba.

Mu kuwa da ba a ba makulli ba, abin ya shafe mu ta wata fuska. Duk sa'ar da muka samu muka zauna da littafi ko carbi ko Littafi Mai Tsarki, a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gida, akwai wanda ya saya mana ita da guminsa: uwa, ko mata, ko ƙanwar da ta ɗebo ruwa, ko mahaifin da ke tsaye a gaban injin Katako tun safe. Kafin mu sake ɗaga kai mu yi sha'awar duwatsu, ya kamata mu tambaye shi yaushe rabon da ya huta.